Zumuntar Mata da Majalisar Dattawa: Nazari kan Matan Ikilisiya a Ƙonni, Malbaza da Illela

Ƙidayar jama'ar da aka yi a Nijar a 2012 ta sami mutum miliyan 17 da 'yan kai, Kiristoci kuwa ba su cika kashi 1 cikin 100 ba. Wanda ya tashi daga Birnin Ƙonni ya bi kwalta zuwa Tsarnawa, ya karya arewa ta Badagishiri har Illela, zai ƙirga masallatai ya gaji kafin idonsa ya faɗa kan majami'a guda. In gabas ya miƙe ta Malbaza, sai ya iso Galmi, garin albasa, inda asibitin mishan ya tara Kiristoci fiye da yadda aka saba gani a karkarar jihar Tawa. Jama'a ce ƙarama, a warwatse, kuma da wuya ka sami gida a cikinta da ba shi da kawu ko goggo ko suruki Musulmi. Wannan ƙanƙanta ita ke tsara kusan duk abin da mace za ta yi ko ta bari a ikilisiya.

A Turai an dunƙule batun ya zama tambaya ɗaya: a naɗa mace ko kada a naɗa? Ikilisiyar Ingila ta fara naɗa mata firistoci a 1994, ta sami bishop mace ta farko a 2015. A 1994 ɗin dai Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da wasiƙar da ta rufe wa Katolika wannan ƙofa. In da wannan mudu za a auna Ƙonni da Malbaza, magana ta ƙare tun ba a fara ba: maza ke wa'azin Lahadi, maza ke yin baftisma, maza ke raba jibin Ubangiji. A ganina mudun ne bai dace da hatsin ba. Matan waɗannan ikilisiyoyi suna riƙe da iko na gaske, irin wanda fasto mai hankali ba ya wasa da shi. Wurin da rashinsu ya fi yin ɓarna kuwa shi ne ɗakin da dattawa ke rufe ƙofa su yanke maganar aure da horo da kuɗi, kuma shi ne wurin da ba a cika tattaunawa a kansa ba.

Yawancin ikilisiyoyin Furotesta na ƙasar Hausa ta Nijar jikokin mishan ɗin SIM ne. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar kutsawa cikin ƙasa. Gowans da Kent suka mutu a 1894, Bingham ya tsira ya ci gaba. Tarihin mishan ɗin da kansa yana cewa mahaifiyar Gowans ce ta zaunar da Bingham a Toronto ta cusa masa wannan buri. Ita ta hura wutar, sunansa ne ya shiga littafi. Mishan ya shigo Damagaram a 1924, ya kafa tasha a Tsibirin Gobir kafin shekarun 1920 su ƙare, a 1950 kuma Dakta Burt Long da matarsa Ruth suka fara aikin asibiti a Galmi. Turawan mulkin Faransa ba su taɓa sakin jiki da 'yan mishan masu jin Ingilishi ba, kuma dokarsu ta lakwal Faransanci take nema. Sai SIM ta jingina da Hausa: Littafi Mai Tsarki na 1932, littafin waƙoƙi, da karatun boko na yaƙi da jahilci. Ba da niyyar taimakon mata aka yi haka ba, amma su suka fi cin moriya. Sujada ta zama cikin harshen tsakar gida, macen da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba tana bin ta daga farko har albarkar ƙarshe, tana kuma iya gane in mai wa'azi ya kauce.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a wannan zamani. Mata sun yi yawa ƙwarai cikin ma'aikatan irin waɗannan mishan: masu jinya, ungozomomi, malaman karatu, da dama ba su da aure. Su ke riƙe ɗakin shan magani, su ke koya wa samari baƙi da wasali, har fassarar aya su ke yi wa maza. Amma da aka kafa ikilisiyar 'yan ƙasa, EERN, a daidai lokacin samun mulkin kai na 1960, tsarinta ya bi sawun na ECWA da aka kafa a Najeriya a 1954: fasto, mai bishara, dattawa, duka maza. Ikon Baturiya bai gangaro kan Bahaushiya ba, don tun asali ba a lissafa shi a matsayin muƙami ba. An ɗauke shi wani abu ne da ke tare da farar fata da akwatin allura, ya kuma tafi tare da su. Abin da aka tanadar wa 'yar ƙasa daban ne. Barbara Cooper, masaniyar tarihin da ta wallafa littafi a 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda aure ya zame wa mishan ƙarfen ƙafa: samarin da suka bi sabon addini ba su samun mata cikin sauƙi, ga kuma hanin auren fiye da ɗaya. Tarbiyyar 'yan mata sai ta karkata ga samar da matan aure na kirki ga masu bi, da karatu da ɗinki da tsabta da reno. Macen da ake nuna wa yara a ce su yi koyi da ita, matar mai bishara ce.

Masu hana mace wa'azi gaban maza suna kafa hujja da sura ta 2 ta wasiƙar Bulus ta farko ga Timoti, da sura ta 14 ta Korintiyawa ta farko. Masu ja da su suna buɗe Romawa 16, inda Bulus ya yaba wa Fibi mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, ko Ayyukan Manzanni 18, inda Biriskilla da mijinta Akila suka ja Afolos gefe suka gyara masa fahimta. Wannan gardamar ɗaliban tauhidi ce. Nassin da ke aiki a ƙauye shi ne Titus 2, inda aka ɗora wa manyan mata koyar da ƙanana. Ya yi daidai da yadda gari ya riga ya tsara kansa, maza a zaure, mata a cikin gida, kowa da hanyarsa a biki da suna da zaman makoki.

Tsoro ma yana da nasa kaso, ko da ba a son faɗa. Jama'ar da maƙwabta ke yi wa kallon masu bin addinin Nasara ba ta son a ƙara mata da sunan rashin kunya. A Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren Kirista a rana ɗaya. A 16 da 17 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Dattijon ikilisiya a Ƙonni ya ji labarin duka biyun, ya kuma lura cewa a na farkon, shigar mata da fitarsu ne aka fake da su. In ya ce kada mace ta tsaya gaban maza, ayar Timoti ce a bakinsa, amma idon unguwa ne a zuciyarsa. Ban ce hujja ce mai gamsarwa ba. Na ce dai wanda bai san da ita ba zai yi ta jayayya da aya alhali ba ita ce ta riƙe ƙofar ba.

To, ina ikon da na ce mata suna da shi? Yana cikin Zumuntar Mata. Ana danganta farkon ƙungiyar da garin Miyango na ƙasar Filato a 1930, inda aka ce wata mata ta kusa rasa ranta wajen haihuwa, matan ikilisiya suka yi karo-karo suka sayi keke don a riƙa gaggawar neman taimako. Daga nan ta bazu duk inda ake sujada da Hausa, ta tsallako iyaka. Wanda ke son ganin yadda take aiki kada ya jira Lahadi, ya je ranar taronsu na tsakiyar mako, bayan la'asar. Tabarmi ne a gindin bedi ko bencina biyu a cikin majami'a. Uwar zumunta ta buɗe da addu'a. Wata ta rungume tulu tana dukan bakinsa yana ba da amo mai zurfi, wata na kaɗa caki, mai bayarwa ta ɗaga murya saura su amsa, goyo na barci a baya bai ko motsa ba. Sai haddar aya, kowa ta kawo tata, wadda ta kakare a taya ta ana dariya. Sai ma'aji ta ajiye kwano, a jefa dala goma, dala ashirin, mai hali ta ba da fiye, magatakarda na rubutawa a ƙaramin littafin 'yan lakwal. Daga nan ne ainihin aikin ke farawa. Wance ta sauka, wa zai kai ruwa da itace har a yi suna? Wance tana likita da yaro, wa zai kwana da ita? Mijin wance wata nawa bai aiko ba? Wance Lahadi biyu ba a gan ta ba, lafiya? Kafin magariba an raba ziyara, an san wa za ta bi wa da kwanon tuwo, wa za ta je da faɗa. A kowace ikilisiya ta duniya wannan shi ne kiwon garke, aikin da ake biyan fasto dominsa. A nan mata ke yin mafi yawansa, kyauta.

Ran Lahadi kuma ana ba su fili su yi waƙa, cikin anko. Mai ɗaukar wannan fili a matsayin hutu kafin wa'azi bai saurara da kyau ba. Waƙar zumunta takan ɗauko labari guda daga Littafi ta warware shi dalla-dalla, takan kuma juyo kan magidanci mai shan giya, ko mai barin gida ba cefane, ko uwar miji mai tsangwama, da habaicin da kowa a ɗakin ya san inda ya dosa. Maza na zaune, ba damar tashi. Wa'azin fasto yakan tsaya a bakin ƙofa, amshin waƙa kuwa shi ake dakan hatsi da shi har mako ya zagayo. A wurin da mata masu iya karatu ba su kai ɗaya cikin biyar ba, kamar yadda binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa ya nuna a 2012, abin da aka rera shi ne tauhidin da aka sani. Masu tsara waɗannan waƙoƙi malamai ne, ko da ba wanda ya ba su takarda.

Wannan salo ba baƙo ba ne a yankin. Sakkwato ba ta kai kilomita 100 daga Ƙonni ba, kuma a can ne Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa wa dattijuwa malfa ta zama jaji, jaji ta jagoranci matan ƙauyensu, ta koyo karatu a waƙe ta koma ta koyar, su kuma tara abin sadaka su kula da marasa lafiya. Ba ina cewa Zumunta daga 'Yan Taru ta kwaikwaya ba. Hanyoyinsu daban suka biyo. Abin sha'awa shi ne addinai biyu, shekaru kusan ɗari tsakani, sun fuskanci tambaya ɗaya a ƙasa ɗaya suka ba da amsa iri ɗaya: mata su koyar da mata, da waƙa, ƙarƙashin shugaba mai laƙabi, ba tare da an taɓa limami ba. Ban da su akwai Innar Gobir da ke shugabantar 'yan bori, akwai Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a wannan shekara. Ƙasar nan ta san mace mai iko tun da daɗewa. Sai dai a addinan littafi biyun, layin mata yana tafiya ne a gefen na maza, kuma ba ya ratsawa ta inda ake yanke hukunci.

Ci-rani yana ƙara wa matan nauyi. Adar ta yi suna wajen tafiya biɗa. Da an kai amfanin gona rumbu, samari da magidanta sai su kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya, wasu sai damina, wasu sai bayan shekaru. A kwarin Magiya albasar rani tana riƙe wasu, amma a kan tudu gari yakan koma na mata da yara da tsofaffi. Ƙaramar ikilisiyar ƙauye ba ta tsira daga wannan ba. In mai bishara ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, macen da ta iya karatu ita ke buɗe Littafi, ita ke jan addu'a, ita ke riƙe makarantar Lahadi. Ba wanda ke tsayawa neman ayar da ta halatta, don in ba ta yi ba, ba za a yi ba. Rahoton da za a kai gunduma dai sunan namiji zai ɗauka.

Bangaskiyar yau da kullum kuwa a tsakar gida take, inda fasto ba ya gani. Binciken 2012 ɗin nan ya ce macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, kuma kashi 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin shekara 18. Matar Kirista a wannan yanki tana cikin wannan duniya ta ciki da goyo da yaye da zazzaɓin damina, kuma a nan ake gwada abin da ta gaskata. Yaro ya sanƙare da tsakar dare. Kakarsa Musulma ta kawo laya ta ce a rataya masa, maƙwabciya ta ce a karɓo rubutu, wata ta ambaci mai bori. Uwar ce za ta zaɓa, cikin duhu, mijin yana Abijan. In ta ƙi layar ta ɓata da surukarta, wadda gobe ita za ta riƙe mata sauran yara in an tafi likita. In ta karɓa ta ɓoye a ƙarƙashin riga, zuciyarta ba za ta kwanta ba ran jibin Ubangiji. Yadda mata ke warware irin wannan, wata ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya ta ajiye a ƙasan akwati, wata ta ce "Inna, mun riga mun yi addu'a, Allah zai duba", shi ne zaman tare na addinai a aikace. Su ne kuma ke aika shinkafa da nama gidajen maƙwabta ran Kirsimeti, su karɓi tuwon Salla, su je barka da gaisuwar mutuwa. Tun daga shekarun 1990 da dogon hijabi ya yaɗu, kallabi da mayafi kaɗai sun isa a gane mace Kirista a kasuwa. Mijinta da riga da hula ya saje da kowa. Ita ce ke yawo da alamar addinin gidan a kanta.

Asibitin Galmi ya buɗe wata ƙofar. Marasa lafiya na zuwa daga ko'ina a jihar, har daga tsallaken iyaka. A ɗakin haihuwa da na yara, ungozoma da mai jinya da mai shara su ke tare da mace a sa'ar da ta fi kowace tsanani a rayuwarta. A waje 'yan zaman jinya sun kafa murhu suna dama kunu, hira ta haɗa Ba'adara da Bagobira da Bafillatana da Buzuwa. Abin da mutanen karkara da yawa suka sani game da Kirista, a hannun waɗannan mata suka gan shi. Ga kuma albashi. Macen da ke karɓar kuɗi ƙarshen wata tana fitar da zakkarta da sunanta, tana biya wa ƙanne lakwal, kuma muryarta a gida da ikilisiya ba ta zama ɗaya da ta wadda ke jiran aike.

Yanzu sai ɗakin dattawa. Nijar ba ta da dokar iyali guda ɗaya. An gwada a shekarun 1990, an sake gwadawa a 2011, ƙungiyoyin addinin Musulunci suka ƙi, aka janye. Kotu tana bin al'adar masu shari'a a maganar aure da saki da gado, al'adar yankin kuwa ta cakuɗe da fiƙihun Malikiyya. Kiristan da ya ɗaura aure a ofishin magajin gari yana da takarda, amma auren ƙauye sau da yawa a majami'a da gaban waliyyai yake tsayawa. Saboda haka ikilisiya ita ce kotun farko, wani lokaci ita ce ta ƙarshe. Koyarwarta ta mace ɗaya har mutuwa kariya ce babba, kuma matan da kansu suna faɗin haka: ba fargabar kishiya, ba fargabar saki don miya ta yi gishiri. Amma kariyar tana da tsada. 'Yar'uwarta Musulma in zama ya ƙi tana yin yaji, tana iya neman a raba, ta yi zawarci ta sake aure ba wanda zai ce ta fita addini. Ita kuwa ƙofar a rufe take. In miji mai duka ne, abin da ta fi ji shi ne "ki yi haƙuri, ki ci gaba da addu'a".

Dubi irin ƙararrakin da ke zuwa gaban majalisa. Matar da ba ta haihu ba, dangin miji na zuga shi ya ƙara aure. Yarinyar da ta yi ciki a gida, za a sa ta ƙarƙashin horo, a hana ta jibi, ta koma bencin baya. Cikin a jikinta yake nunawa, wanda ya yi shi kuwa sai in ya ga dama ya amsa. Budurwar da ta rasa manemi Kirista a jama'ar da ba ta da yawa, ga Musulmi mai mutunci ya fito. Gwauruwar da 'yan'uwan mijinta suka ce gonar ta gandu ce, 'ya'ya kuma na dangin uba ne. Kowace ɗaya a cikin waɗannan rayuwar mace ce ake yanka, kuma masu yankan maza ne zalla. Ga kunya. Wace Bahaushiya ce za ta zauna gaban sa'o'in ubanta ta faɗi abin da ke faruwa a ɗakin aurenta? Sai ta sunkuyar da kai ta ce "ba komai, Baba", a rubuta cewa an sasanta. Uwar zumunta ta san gaskiyar maganar tun watanni, don ita ta ga tabon, amma tana waje.

Hanyar da aka saba bi ita ce matar fasto. A kai mata kuka, ita ta san lokacin da za ta sa wa maigida magana. Tana aiki, amma dubi a kan me ta tsaya. Ba a zaɓi matar fasto ba, ba a biyanta, kuma ba ta da kujera. A makarantun Littafi Mai Tsarki takan zauna ajin matan ɗalibai da goyo a baya, sau da yawa daga koyon baƙaƙe za ta fara, shi yana nazarin wasiƙun Bulus. Darajarta a ɗaure take da numfashin mijinta: ranar da ya rasu za ta tattara kayanta ta bar gidan ikilisiya ga mai zuwa. Haka maganar kuɗi. Asusun zumunta ne ke sayen bencina, ya taimaka da kwanon rufi, ya ciyar da baƙin babban taro, amma in an zo tsara yadda za a kashe baikon shekara sai a sanar da su abin da aka yanke.

Sauran ɗariku ba su tsaya wuri ɗaya ba. Ƙonni da Malbaza da Illela suna ƙarƙashin dayosis ɗin Katolika na Maraɗi, wanda aka kafa a 2001 aka ba Bishop Ambroise Ouédraogo. Firist ɗaya ba ya iya zagaye irin wannan faɗi, don haka sistoci da malaman katikisim ke riƙe makaranta da ɗakin magani da addu'ar mako. Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal, ta kafa ƙungiyar sistoci a wannan dayosis a 2006, ta riƙa tara sarakunan ƙauye da limamai tana tattauna auren wuri da su har rasuwarta a 2021. Ba ta taɓa tsayawa a bagade ba, amma hakimai sun zauna sun saurare ta. A 2021 ɗin Paparoma Francis ya buɗe wa mata hidimar karatu da ta taimako a bagade a hukumance. Ikilisiyoyin Fentikos da suka yawaita bayan buɗewar siyasa ta 1991 sun zo da salon Najeriya, inda Margaret Idahosa ta gaji shugabancin ikilisiyar mijinta bayan rasuwarsa a 1998. A wurinsu mace na riƙe lasifika ba tare da an ɗaga gira ba, ko da yake sau da yawa a matsayin matar mai ikilisiyar take yi. A Najeriya Firesbiteriya ta naɗa Mgbeke George Okore a 1982, Lutheran ta LCCN da ke Numan ita ma tana naɗa mata, ECWA da Anglika kuwa ba su naɗa mace fasto ko firist. Duka suna karanta Littafi ɗaya.

A fagen ƙasa, matan Nijar sun riga sun yi irin wannan faɗan. A 13 ga Mayun 1991 suka yi maci a Yamai don an kusa shirya babban taron ƙasa ba tare da su ba, aka ƙara musu kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar. Dokar kaso ta 2000 ta ware musu kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 25 a 2019. A ƙarƙashin wannan doka, a lokacin da ake zaɓen kansiloli, 'yar ikilisiya ta iya zama kansila a Dogerawa ko Badagishiri ta yi muhawara kan kasafin gari, ta dawo majami'arsu a ce ta jira a waje.

Sai dai a yi adalci, ba duk mata ke neman shiga ba, kuma masu ƙin suna da hujja. Zumunta tana da 'yancin da ba wata ƙungiya a ikilisiya da ke da irinsa: shugabanninta nata, asusunta nata, tarukanta na gunduma da na ƙasa nata. Dattijuwar da ta ce a bar su yadda suke ta san abin da take tsoro, wato ranar da za a ce an haɗe, maza su karɓe littafin ma'aji su bar mata da tukunya. Naɗa mace fasto a ƙauyen Illela kuma yana iya jawo wa jama'ar da ba ta kai gida goma ba abin da ba za ta iya ɗauka ba. Shi ya sa nake ganin abin da ya fi kusa, ya kuma fi amfani, ƙarami ne: uwar zumunta da wata dattijuwa su zama 'yan majalisa bisa tsarin mulkin ikilisiya, da ƙuri'a, aƙalla a duk maganar da ta shafi aure da horo da gwauraye da kuɗi. Ko mai tsananin riƙo da wasiƙar Timoti zai sha wuya kafin ya nuna inda aka hana mace sauraron ƙarar mace, tunda sura ta 5 ta wannan wasiƙa da kanta tana maganar gwaurayen da aka rubuta sunansu a ikilisiya. Sai kuma karatu: a buɗe wa mace cikakken ajin tauhidi da sunanta, ko tana auren fasto ko ba ta yi.

Matsin ma ba daga Turai zai zo ba. 'Yan matan gidajen Kirista suna cikin waɗanda suka fi daɗewa a lakwal a yankin, don ikilisiya ta gaji girmama karatu kuma ba ta gaggawar aurarwa kamar maƙwabta. Suna fitowa malamai da ungozomomi da masu lissafi, wayoyinsu cike da wa'azin matan Jos da Kaduna da ake turowa ta WhatsApp. Uwar zumunta ta yau ta taso ta ga uwarta na aika saƙo ta bakin matar fasto, ta ɗauka haka abin yake. Wadda za ta gaje ta tana da difloma da albashi, a wurin aikinta kuma ba a fitar da ko dala sai ta sa hannu.